Darasin Tattalin Arziki: Kamun Kifin Kogi A Ƙasar Paiko, Tsakanin Riba Da Uwar Kuɗi

Duk wanda ya ji an ambaci Paiko, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Paikoro ta Jihar Neja, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne doya. Garin yana bisa hanyar da ta tashi daga Minna zuwa Suleja, kimanin kilomita 25 daga babban birnin jihar, kuma kasuwarsa ta yi suna wajen doyar da manoman Gbagyi ke nomawa, wadda manyan motoci ke ɗiba zuwa sassa daban-daban na ƙasar nan. Amma akwai wata sana'a da ba ta cika shiga lissafin masu tsara tattalin arziki ba, alhali kuwa tana gyara miyar gidaje masu yawa, tana kuma kawo ɗan kuɗin kashewa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wannan sana'a ita ce su, watau kamun kifi a koguna da rafukan da ke ratsa yankin, tun daga Chanchaga ta wajen Minna har zuwa Gurara ta gabas.

Darasinmu na wannan fitowa zai duba wannan sana'a ne ta fuskar kasuwanci. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: a cikin kifin da masunci ya fitar daga kogi, wanne ne riba, wanne ne kuma uwar kuɗi? Manomin doya na Paiko ya san amsar irin wannan tambaya a gonarsa, domin komai tsananin bukata ba ya kai irin doyarsa kasuwa. Abin da ya rage shi ne a gane cewa kogi ma yana da irinsa.

Kifin Da Ake Magana A Kansa

Kifayen ruwan daɗi na Nijeriya iri-iri ne, kuma kowanne da irin wurin da yake so. Tarwaɗa da gaiwa suna iya jure taɓo da ruwan da ya kwanta. Karfasa tana hayayyafa a tafki ko kududdufi ba tare da wata wahala ba. Amma akwai wani dangi wanda rayuwarsa ta dogara ga ruwa mai gudu, kuma shi ne abin nazarinmu. Babba a cikin dangin shi ne kifin da masunta a wurare da dama ke kira ɗorawa saboda launinsa, wanda masana kimiyya suka raɗa wa suna Labeobarbus bynni occidentalis. Yana da manyan ɓawo a jiki, da leɓɓa masu kauri, da gashin baki guda huɗu waɗanda yake laluben abinci da su a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya ƙasaita yakan kai tsawon kusan santimita 80. Ɗan'uwansa na kusa shi ne burdo, fari da baƙi, mai bakin da ya karkata ƙasa domin kankare gansakuka a jikin duwatsu.

Waɗannan kifaye ba su da haƙora a baki, a maƙogwaro haƙoransu suke. Ɗorawa yana cin tsutsotsin ƙwarin ruwa, da ƙananan dodon-koɗi, da tsirrai. Yana son wurin da ruwa ke gudu bisa tsakuwa da yashi, inda iska ke shiga ruwan sosai. Saboda haka ne masana suke ɗaukar wannan dangi a matsayin ma'aunin lafiyar kogi. Idan ruwa ya gurɓace, ko aka tare masa hanya, su ne suke fara ɓacewa, tun tarwaɗa ba ta san an yi ba.

A kasuwa, gaskiya ne ɗorawa da burdo ba su kai giwan ruwa ko yauni daraja ba, domin namansu yana da ƙananan ƙayoyi. Amma wannan ne ya sa suka zama kifin talaka, wanda mai ƙaramin ƙarfi ke iya saye, musamman idan an yi bandarsu.

Kogi Da Lokutansa

Kafin a fahimci lissafin wannan sana'a, lalle ne a fahimci yadda shekarar kogi take tafiya. A yankin Minna damina takan fara ne wajen watan Afrilu, ta ƙare a watan Oktoba, ruwa kuma ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Babban kogin Kwara, watau Neja, cika biyu yake yi a shekara: akwai farin ruwa na damina, akwai kuma baƙin ruwa wanda ke isowa da sanyin hunturu bayan doguwar tafiya daga tsaunukan ƙasar Gini. Ƙananan koguna irin su Gurara da Chanchaga kuwa cika ɗaya tak suke yi, ta damina.

Da zarar sabon ruwa ya fara sauka, kogi ya ɗaga, sai manyan kifayen wannan dangi su taru, su kama hanya suna haurawa sama zuwa ƙananan rafuka da wuraren da ruwa ya malala, domin su zuba ƙwai. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe sukan sami abinci da mafaka a cikin ciyayin da ruwa ya rufe. Idan ruwa ya fara janyewa bayan damina, sai manya da ƙanana su komo cikin kogi. Da rani kuma, lokacin da kogi ya tsinke, sai su taru a cikin gurabu masu zurfi suna jiran wata damina.

Daga wannan bayani mai karatu zai lura cewa akwai lokuta biyu da kifin ya fi sauƙin kamu, kuma su ne lokutan da kamun ya fi yin ɓarna. Na farko shi ne lokacin hawa, sa'ad da uwayen ke tafiya a tare, cikinsu cike da ƙwai, ta hanyar da kowa ya sani. Na biyu shi ne tsakiyar rani, sa'ad da abin da ya rage na iri ya taru a gurbi guda, ba shi da wurin gudu. Tunda yake ƙaramin kogi sau ɗaya yake cika, to, dama ɗaya ce kifinsa yake da ita a shekara. In ta kuɓuce, sai baɗi.

Kayan Aiki Da Jari

Yawancin masu kamun kifi a ƙasar Paiko manoma ne da ke haɗa sana'o'in biyu, ko da yake akan sami Sarkawa da Nufawa da sauran masunta na gado waɗanda ke bin ruwa duk inda ya yi albarka. Kayan aikinsu sanannu ne: fatsa da ƙugiya, da mamari mai jerin ƙugiyoyi, da birgi wanda ake wurgawa, da taru wanda ake kafawa a bar shi ya kwana, da gura da sauran tarkuna na saƙa. Mai ɗan hali yana da kwale-kwale, marar hali kuwa ya shiga ruwa da ƙafa ko bisa gora.

Jarin da ake bukata ba shi da yawa idan aka kwatanta da kiwon kifi a tafkin siminti, domin masuncin kogi ba ya sayen 'ya'yan kifi, ba ya sayen abincinsu. Kogi ne ke ɗaukar wannan nauyi duka. Amma a nan ne matsalar take. Abin da mutum bai zuba kuɗinsa a ciki ba, kuma ba shi kaɗai ke da shi ba, da wuya ya yi tattalinsa. Kowane masunci yana tunanin cewa kifin da ya bari yau, wani ne zai kama shi gobe. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan hali a dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta, ko makiyaya ce, ko daji, ko ruwa.

Bugu da ƙari, akwai batun bashi. Sau da yawa ɗan kasuwa ne yake saya wa masunci taru, bisa sharaɗin shi kaɗai za a riƙa sayar wa kifin, a farashin da ya yanka. Masuncin da bashi ya hau kansa ba ya iya ajiye taru ya ce zai jira kifi ya gama zuba ƙwai. Saboda haka duk wani shiri na kare kogi wanda bai kula da aljihun masunci ba, a takarda zai tsaya.

Lissafin Riba Da Uwar Kuɗi

Domin a sauƙaƙe bayani, bari mu yi misali da lissafi na ƙaddarawa. Mu ƙaddara wani masunci ya ja taru mai ƙananan idanu, ya kamo 'ya'yan kifi 100, kowanne nauyin giram 50. Abin da ya samu ke nan kilo 5, kuma na mafi arahar kifi a kasuwa. Mu sake ƙaddarawa cewa an bar su a ruwa, 70 daga cikinsu suka mutu ko manyan kifaye suka cinye su, 30 kaɗai suka rayu har kowanne ya kai rabin kilo. Abin da za a kama ya zama kilo 15, watau ninki uku, kuma farashin kilo na babban kifi ya fi na ƙarami. Daɗin daɗawa, waɗanda suka balaga daga cikinsu sun riga sun zuba ƙwai kafin a kama su.

Haka lissafin yake game da uwa mai ƙwai. Wanda ya kama ta a kan hanyar hawa, kuɗin kifi ɗaya ya karɓa, amma dubban ƙwai ya hallaka. Wanda ya kama ta bayan ta sauko, kuɗin da zai karɓa kusan ɗaya ne, iri kuwa yana nan a ruwa. Ƙa'idar ke nan a taƙaice: kifin da ya girma ya kuma hayayyafa shi ne riba, ƙaramin kifi da uwa mai ƙwai su ne uwar kuɗi. Ɗan kasuwar da ke cin uwar kuɗinsa yakan ga kamar kasuwa tana yi da shi, har ranar da zai buɗe shago ya tarar babu kaya.

Abin Da Ya Faru A Wasu Wurare

Wannan magana ba hasashe ba ce, domin an ga aukuwarta a nahiyar Afirka. A tafkin Biktoriya na gabashin Afirka akwai wani ɗan'uwan burdo da ake kira ningu, wanda a da yake cikin kifayen da suka fi kawo kuɗi a yankin. Da masunta suka shiga kafa taru a bakin kogunan da yake haurawa domin zuba ƙwai, sai sana'ar kamunsa ta durƙushe a cikin shekarun 1950, kuma har yanzu ba ta koma yadda take ba.

A tafkin Tana na ƙasar Habasha, inda ake da ire-iren dangin ɗorawa fiye da goma, an shigo da jiragen inji da tarun nailan a 1986. Masunta suka mai da hankali ga bakin koguna a lokacin da kifin ke taruwa domin hawa. Binciken da masana na Habasha da na Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka gudanar ya nuna cewa daga farkon shekarun 1990 zuwa 2001 yawan wannan kifi ya ragu da kimanin kashi 75 daga cikin 100.

A nan gida ma muna da darasin tafkin Kainji. Bayan an kammala madatsar a 1968, kifi ya yi ambaliya, musamman faliya, har abin da aka kama a 1971 ya kai kimanin tan 28,000. Masunta suka yi ta kwarara daga ko'ina. Kafin shekarun 1970 su ƙare, abin da ake kamawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan adadi ba. Wani ɓangare na wannan faɗuwa ɗabi'ar sabon tafki ce, domin albarkar ciyayin da ruwa ya rufe takan ƙare, amma yawan taru da ƙanƙantar idanunsa sun taimaka ƙwarai.

A ƙasar Ingila kuwa, inda masu fatsa ke ji da wani ɗan'uwan ɗorawa da ke zaune a kogunansu, doka ta hana kamun irin waɗannan kifaye a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni na kowace shekara, domin a ba su damar hayayyafa.

Sauran Abubuwan Da Ke Cin Jarin Kogi

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba masunci kaɗai ke da laifi ba. Jihar Neja ita ce gidan manyan madatsun samar da wutar lantarki na ƙasar nan. Ban da Kainji da Jebba a kan Kwara, akwai Shiroro mai ƙarfin megawat 600 da aka buɗe a 1990, da Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023, dukansu biyu a kan kogin Kaduna. A kan kogin Gurara ma akwai madatsa a cikin Jihar Kaduna, wadda ake jan ruwanta zuwa Abuja. Amfanin waɗannan ayyuka ga ƙasa a bayyane yake, kuma tafkunan da suka haifar sun samar wa dubban masunta abin yi. Amma madatsa tana tare hanyar kifin da ke hawa, tana kuma sauya lokacin cikar kogi da yawanta. Kifin tafki yakan ƙaru, kifin ruwa mai gudu kuwa ya ragu.

Na biyu shi ne haƙar zinariya da ɗibar yashi, waɗanda suka yawaita a rafukan da ke kewaye da Minna. Lakar da ake wankewa tana rufe tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai a kai, tana kuma kashe ƙwarin da yake ci. Sare itatuwan bakin rafi da noma har gaɓar ruwa su ma suna ƙara zaizayar ƙasa.

Na uku, wanda ya fi kowanne muni, shi ne zuba guba a ruwa. Tun da can akan daka magimfa a zuba a gurbi domin kifi ya bugu ya taso. Daga baya sai wasu suka koma ga magungunan ƙwari na gona irin su Gammalin 20, wanda sinadarin da ke cikinsa yana daga cikin waɗanda yarjejeniyar duniya ta Stockholm ta haramta amfani da su a aikin gona tun 2009. Guba ba ta zaɓe: tana kashe babba da ƙarami da ƙwai, tana cutar da mai cin kifin, da dabbobin da ke shan ruwan, da mutanen ƙauyen da ke ƙasa. Haka kuma mai da gidan sauro abin tace ruwa, wanda ba ya barin ko ɗan tsako.

Sai kuma matsalar tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da wasu sassa na Paikoro sun raba mutane da yawa da gonakinsu da mashigan ruwansu, abin da ke sa masunta su cunkushe a 'yan wuraren da ake da kwanciyar hankali.

Doka Da Al'ada

Ba rashin doka ke damun wannan sana'a ba. Dokar Kamun Kifi A Ruwayen Cikin Ƙasa mai lamba 108 ta 1992 ta haramta amfani da nakiya, da guba, da wutar lantarki wajen kamun kifi. Ta kuma ƙayyade cewa idon taru kada ya gaza milimita 76, watau inci 3, in ban da wasu kayan kamun ƙananan kifaye da ta keɓe. Inda gizo ke saƙar shi ne aiwatarwa, domin jami'an kula da kamun kifi ba su da yawan da za su tsare kowane rafi.

A nan ne al'ada take da abin koyarwa. A Argungu ta Jihar Kebbi, inda bikin kamun kifi na zamani ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, sirrin manyan kifayen da ake fitarwa daga Matan Fada shi ne hana kamu a wurin har sai ranar biki, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. Haka nan shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin Kainji, wanda ya fara a 1993, ya dogara ne ga sarakunan gargajiya da sarakunan ruwa wajen yin rajistar masunta da hana jan tarun dala, wanda ke kwashe 'ya'yan manyan kifaye. Darasin shi ne, dokar da masu ruwa suka yarda da ita, suka kuma tsare ta da kansu, ita ce take aiki.

Daga Bakin Kogi Zuwa Kasuwa

Ko an kama kifi bisa ƙa'ida, riba tana iya zubewa a hanya. Kifi ɗanye ba ya jure zafin rana, musamman wanda ya kwana a mace cikin taru. Abin da ya kamata shi ne a duba taru da sassafe, a fasa cikin kifin a wanke, a ajiye shi a inuwa, a kuma yi bandarsa tun bai fara sauyawa ba. Murhun banda irin na Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Ghana a 1969, ana gina shi da jar ƙasa, ana jera faifan waya da yawa a kansa, saboda haka yana cin itace kaɗan, yana kuma ɗaukar kifi mai yawa. Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa, a cikin Jihar Neja, ta daɗe tana aiki a kan hanyoyin banda da adana kifi, kuma ƙungiyoyin masunta da na mata masu banda suna iya neman shawararta. Fesa maganin ƙwari a kan busasshen kifi domin korar ƙwaro kuwa ganganci ne da rayukan jama'a. Busarwa sosai, da gishiri, da ajiya a wuri mai tsabta sun wadatar.

Kasuwa kam tana nan. Alƙaluman da hukumomin tarayya suka sha bayarwa a 'yan shekarun nan sun nuna cewa Nijeriya tana bukatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Wani ɓangare na giɓin ana cike shi ne da kifin ƙanƙara irin su sukumbiya, wanda ake sayowa da kuɗin ƙasashen waje. Mafi yawan kifin da ake samarwa a gida kuwa daga hannun ƙananan masunta yake fitowa. Paiko tana tsakanin Minna da Suleja, Abuja kuma ba ta da nisa, saboda haka mai kifi mai kyau ba zai rasa mai saye ba.

Abin Yi

Daga abin da ya gabata, ana iya tsamo matakai biyar waɗanda ba sa bukatar makudan kuɗi. Na ɗaya, masu unguwanni da sarakunan ruwa da masunta su zauna su tsai da lokacin hutun kogi a farkon cika, su kuma hana datse bakin rafuka a lokacin hawa. An yi sa'a wannan lokaci ya dace da sa'ad da aikin gona ya fi yawa, saboda haka asarar manomi mai su ba za ta yi tsanani ba. Na biyu, kowane ƙauye ya keɓe gurbi ɗaya ko biyu masu zurfi waɗanda ba za a taɓa ba da rani, su zama rumbun iri. Na uku, a tsaya kan idon taru na inci 3, masu sayar da taru a kasuwa su ma a sa su cikin maganar. Na huɗu, a kai rahoton duk mai zuba guba ga hukuma ba tare da duban dangantaka ba. Na biyar, masunta su kafa ƙungiyoyin gama kai da adashi, domin su sayi kayan aikinsu da kansu, su kuma sami abin riƙe gida a watannin hutu.

Sharaɗin nasarar waɗannan matakai shi ne ƙauyukan da ke sama da waɗanda ke ƙasa su yi aiki tare, domin kifin da aka ƙyale a wannan mashigi zai bi ta mashigi na gaba. A nan ne ƙaramar hukuma da masarauta da sashen kula da kamun kifi na jiha suke da rawar takawa, ta hanyar haɗa ƙauyukan da ke shan kogi ɗaya a kan yarjejeniya ɗaya. Manomin Paiko yakan ware irin doyarsa tun ranar haƙa, kafin ya lissafa abin da zai kai kasuwa. Idan aka yi wa ɗorawa da burdo irin wannan adalci a Gurara da Chanchaga da rafukan da ke tsakaninsu, masunci zai ci ribarsa bana, ya kuma tarar da jarinsa a ruwa baɗi.